Idan anka ƙara wa maigida ƙarfin maganin ciwon damuwa: abin da za ki gani da yadda za ki riƙe shi

Salamu alaikum ƴan uwa mata, har da maza ma, don zancen ya shafi duk mai zama da wanda ke shan maganin ciwon damuwa. Ni a nan Yamai nike zaune amma asalina Tawa. Shekara 2 ke nan maigidana na kan magani, an fara mishi da sertraline miligiram 50, aka yi makonni ba wani canji, lokotoro ya kai shi 100, daga baya 150, kuma wallahi lokacin da anka kai 150 ɗin nan ne na ga abubuwan da ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya min, har na kwana ina kuka ina cewa bawan Allahn nan ya daina so na ne. Ashe magani ne ke aikinshi.

Ki fara sanin wannan: ƙara yawan magani ba ya nufin ciwon ya zama hauka. Kowane jiki da adadin da ke isar shi. Sertraline ana iya kai shi har 200 a rana, venlafaxine ana farawa da 75 a yi ta hawa, fluoxetine da 20. Akwai kuma tsohon nan amitriptyline, wanda a farmasi za ki ga an rubuta Laroxyl a kwalinshi. Abin da ke rikita mutane shi ne illar ita ke riga amfanin isowa. Amfanin sai an yi sati 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, amma illa tun kwana na biyu ta iso, kuma duk sanda anka ƙara adadi kamar an sake sabon lale ne. A nan ne mutane da yawa ke jefar da magani su ce bai karɓe su ba.

Satin farko da na biyu za ki ga tashin zuciya, ciwon kai, wani zawo, wani kuma barci ya ƙaurace mishi ya yi ta juyi har asuba. Mafi yawan waɗannan suna lafawa da kansu. Kar ya sha ƙwayar da ciki wayam, ki dama mishi kunu ko ya ɗan ci wani abu tukunna. Idan barci take hana shi a tambayi lokotoro a maida ta safe, idan kuma sa shi barci take a maida ta dare. Sai shayin fada. Ni ban so ya daina zuwa fada ba sam, don zama cikin abokai shi ma magani ne, amma shayin nan mai ɗaci da goro suna ƙara rawar hannu da bugun zuciya da rashin barci, sai munka yi da shi cewa bayan la'asar ba na farko, in ya matsu ya jira na uku.

Zufa kuma ba a magana. Maigidana sai ya tashi cikin dare riga sharkaf kamar an watsa mishi ruwa, to ki haɗa wannan da zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga kuran, wato wutar lantarki, ta ɗauke. Ruwa ya zauna kusa da shi dare da rana. Mai shan Laroxyl shi nashi daban ne, maganin na iya rage zufar ma, jiki ya kasa huce kanshi, don haka ya guji tsakar rana. Shi Laroxyl ɗin yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana sa nauyin jiki da jiri idan mutum ya miƙe da sauri, sai ki koya mishi ya fara zama bakin gado ya ɗan jima kafin ya tashi tsaye, ki yawaita kopto da miyar ganye da gwanda a gidan. In yana tuƙi ko yana kabu-kabu ya dakata kwanakin farko har ya ga yadda jikinshi ya ɗauka. Mai shan venlafaxine mai yawa a riƙa auna mishi tansiyon, don yana iya hawar da jini.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai, wanda kunya ke hana mu faɗa. Magungunan nan, musamman dangin sertraline da fluoxetine da paroxetine, suna rage sha'awa, kuma yawanci gwargwadon yawan maganin gwargwadon abin. Wani sha'awar ce ke tafiya gaba ɗaya, wani tana nan amma jiki ba ya amsawa, wani kuma sai ya daɗe ƙwarai bai biya buƙata ba har ya gaji ya haƙura. Mace ma in ita ke sha haka take ji. Ni da na ga wata ɗaya, wata biyu, mutum na juya min baya, ba abin da ban saƙa a raina ba, na ce ko aure zai ƙara, na duba madubi na ce ko ni ce na lalace, har wata ƙawata ta kawo min kayan mata. Shi kuma ashe can cikin ranshi kunya ce ke cin shi, yana ganin ya gaza a matsayinshi na namiji, ciwon damuwar ma na ƙara samun abin ci. Ranar da munka yi maganar ba a ɗaki munka yi ta ba, a tsakar gida ne bayan yara sun yi barci, na ce mishi Baban yara, na ji an ce maganin nan na taɓa wannan ɓangaren, ni ban ɗauke shi laifinka ba, mu gaya wa lokotoro tare. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce dama abin na damun shi ya rasa ta inda zai fara. Don Allah kar ki yi gori, kar ki kai ƙara gidan iyaye a kan wannan tun ba ku je likita ba, kuma kar ya je ya sayi maganin ƙarfin maza na bakin hanya da ba a san abin da anka zuba ciki ba. Lokotoro ya saba jin wannan koke, yana iya rage adadi a hankali ko ya canza wani maganin da bai cika taɓa wurin ba.

Kusa da wannan akwai wani sanyin zuciya da ke zuwa. Baƙin cikin ya ragu amma farin cikin ma ya ragu, a yi haihuwa a dangi ko a yi rasuwa ki ga fuskarshi ɗaya. Shi ma a faɗa wa lokotoro, alama ce da yake dubawa wajen daidaita adadi.

Abin da ya fi taimakona shi ne ɗan karne da na saya. Kullum dare layi biyu kawai: ƙarfe nawa ya sha, awa nawa ya yi barci, ya ci abinci ko bai ci ba, me ya dame shi yau. Dalili, ranar randebu in anka tambaye shi yaya jiki sai ya ce alhamdu lillahi da sauƙi, shi ke nan an sallame mu, alhali ni na san daren jiya bai runtsa ba. Lokotoro minti kaɗan yake ganin shi, ke ce ke ganin shi dare da rana. Amma ki nemi izininshi kafin ki buɗe karnen gaban wani, kuma ki bar shi ya fara magana da bakinshi, ba yaro ba ne.

Akwai abubuwan da ba a jira randebu a kansu. Na farko tramol. Duk mun san yadda ya cika gari, ana shan shi don gajiya ko ciwon baya, to haɗa shi da waɗannan magunguna na iya sa wani sinadari mai suna serotonin ya yi yawa a jiki, sai zazzaɓi mai zafi, karkarwa, tsoka na fizga, zuciya na gudu, mutum ya rikice, har farfaɗiya. Kin ga haka, asibiti nan take, ki tafi da kwalayen duk abin da ya sha. Ibuprofen da diclofenac da aspirin su ma suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, a tambaya kafin a sha. Ko zazzaɓin cizon sauro ya kama shi ki gaya wa mai rubuta ordonansi abin da yake sha, don wasu magungunan zazzaɓin ba sa jituwa da irin su Laroxyl da citalopram, wanda shi ma maganin ciwon damuwa ne, ta wajen bugun zuciya. Shi citalopram ma tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kar a wuce miligiram 40 a rana saboda zuciyar. Haka in kin ga ya koma ba ya barci kwana da kwanaki kuma ba ya gajiya, surutu ba tsayawa, yana ta ɓarin kuɗi, kar ki ce warkewa ce, ku koma likita.

Na biyu shi ne mai nauyin. A makonnin farko ko bayan an canza adadi, tunanin kashe kai na iya ƙaruwa ga wasu, musamman ƴan ƙasa da shekara 25. In kin ji yana cewa gara ya huta, ko ku yafe min, ko ya fara rabon kayanshi, ki tambaye shi kai tsaye cikin taushi ko yana tunanin cutar da kanshi. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo mishi. In ya ce e, kar ki fara da wa'azin wuta, ya san hukuncin, kar ki bar shi shi kaɗai, ki kira wani babba da ya yarda da shi ku tafi asibiti a ranar. A Yamai sashen masu wannan lalura na babban asibitin ƙasa, wanda anka fi sani da Pavillon E, a Tawa kuma a fara da babban asibitin jiha. Ki riƙe maganin a hannunki ki riƙa ba shi na kwana kaɗan kaɗan, musamman Laroxyl, don yawanshi a lokaci ɗaya na kisa, kuma ki ɓoye shi daga yara.

Sai dangi. Za a zo a ce miki aljanu ne, ko sammu ne, ko ƙwayoyin nasara ne ke ƙara kwantar da shi a watsar. Surukata da kanta ta faɗa min haka, kuma don tana son ɗanta ne ta faɗa. Na ce mata Inna, addu'a da ruƙiya ba za mu bari ba, amma a bar shi da maganinshi, wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Yanke shi farat ɗaya, balle daga adadi mai yawa, na kawo jiri da amai da fushi da munanan mafarkai da wani abu kamar kuran na jan kai, an fi ganin haka da paroxetine da venlafaxine. Ko ya ji ya warke ana ci gaba aƙalla wata 6, sannan lokotoro ya riƙa ragewa sannu sannu. Shi ya sa nike sayen sabon kwali tun saura na sati ɗaya, kuma a farmasi, ban da na masu tire da rana ta gasa. In ya manta bai sha ba kar ya haɗa biyu. In azumi ya matso ku je tun cikin Sha'aban a tsara ko sahur ko bayan shan ruwa. In kuma matar ce ke sha ta samu ciki ko tana shayarwa, kar ta daina da kanta, ta je a duba.

Ke ma ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri da za ki riƙa sauke wa naki nauyin, ni yayata ce da ke Tawa, duk Juma'a sai na kira ta, wani lokaci kuka kawai nike yi ta saurara. Maigidana yanzu an dawo da shi 100 tun bayan Sallar layya, zufar dare ta ragu sosai, ya koma fada, kuma randebu na gaba karnen na cikin jakata.