Taswirar Paldea a buɗe take, amma ba ta rage wa kowa ƙarfinta

Tun da Pokémon Scarlet da Violet suka fito a kan Nintendo Switch a watan Nuwamban 2022, ƙorafi ɗaya nake ji daga bakin duk wanda ya fara yawo a Paldea, ƙasar da gem ɗin ke gudana a ciki: "An ce in je inda na ga dama, na je, an lakaɗa mini duka." Na gaji da maimaita amsa ɗaya ga mutum bayan mutum, shi ya sa na zauna na rubuta ta gaba ɗaya. Gem ɗin ya ba ka hanyoyi 3: Gym guda 8, wato gidajen gasa da ake kayar da shugabansu a karɓi bajo, ƙattin dodanni 5 da ake kira Titan, da sansanonin ƙungiyar 'yan makaranta masu tawaye ta Team Star guda 5. Bajo 18 ke nan. Gaskiya ne babu mai tare ka a hanya. Abin da sababbi ba sa ganewa shi ne, kowane ɗayan waɗannan 18 yana da matakin ƙarfinsa a kafe, ba ya sauka don ka zo da rauni, ba ya hawa don ka zo da ƙarfi. Kusan duk kurakuran da zan ambata daga nan suka samo tushe.

Mafi muni shi ne kwaɗayin babban dodo tun ba ka da bajo. Wannan ya taɓa cin ni, kuma har yanzu in na ga wani yana shirin yi sai raina ya ɓaci. Ina da bajon Gym 2 kacal na kutsa har gindin dutsen Glaseado mai ƙanƙara, na ga Cetoddle da ya haura mataki 40, alhali nawa duk suna wajen 20 da 'yan kai. Na zazzage masa kusan duk ƙwallayen da ke jakata kafin ya shiga, domin dodon da ya fi ƙarfin bajonka kamunsa ma ya fi wuya. Na ɗauko shi na nufi Levincia wurin Iono, shugabar Gym ɗin garin, ina ganin an gama. Aka fara faɗa, na ba shi umarni, ya juya mini baya. Na sake, ya yi kamar bai ji ba. Karo na gaba sai ya kwanta barci a tsakiyar fage, Bellibolt ɗin Iono na jibgarsa a hankali har ya faɗi. Sauran 'yan tawagar kuwa na yi watsi da horonsu saboda na dogara da shi, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na rasa kuɗi, na rasa ƙwallaye, na koma baya fiye da inda na baro.

Ga dokar, ku riƙe ta da kyau. Idan ba ka da bajon Gym ko ɗaya, dodon da ka kama yana sama da mataki 20 ba zai yi maka biyayya yadda ya kamata ba. Bajo na farko ya kai ka 25, na biyu 30, haka ake ƙara 5 kowane karo har bajo na 7 ya kai ka 55, na 8 kuma ya buɗe komai. Bajon Gym kaɗai ake ƙirgawa. Ko ka kayar da Titan duka 5 da Team Star duka 5, ba su ƙara maka ko taki ɗaya a wannan lissafi. Sannan abin da ake dubawa shi ne matakin da dodon yake a ranar da ya shigo hannunka. Wanda ka kama yana mataki 8 ka rene shi har 60, zai bi maganarka ko bajonka 1 ne. Kamar doki ne, wanda ka rena tun yana ɗan duƙushi ya san linzaminka, wanda ka tsinta da girmansa a daji sai ya ga dalilin da zai saurare ka.

Ni dai abin da nake yi yanzu: kafin in jefa ƙwallo sai na danne ZL na duba matakin dodon. In ya wuce iyakar bajona, na wuce abina, sai dai idan irin wanda ba a cika gani ba ne, shi ma akwati zai tafi ya jira ranarsa. Ba ya shiga cikin 6 da nake yawo da su. Wasu za su ce ai wani lokaci yana bin umarni, a yi caca da shi. Ku yi ta cacarku. Faɗan Gym da za a ci da Clodsire da aka rena daga ƙaramin Wooper na tafkin kusa da Los Platos, ban ga dalilin jingina shi ga dodon da zai yi barci ba.

Kuskure na biyu ɗan uwan na farko ne: ɗaukar cewa abin da ke kusa shi ne mai sauƙi. Ka buɗe taswira ka ga Alfornada can kudu maso yamma, ba nisa da Cortondo inda ka ci Katy da dodanninta na mataki 14 zuwa 15. Sai ka ce bari in ƙarasa maƙwabciya. Tulip ce ke can, dodanninta 44 zuwa 45. Haka Cascarrafa: Kofu yana wajen 29 zuwa 30, gwajinsa zai sa ka bi shi da walat ɗinsa da ya manta har kasuwar gwanjo ta Porto Marinada, hanyar kuma ta hamadar Asado ta bi. A cikin wannan hamada Titan ɗin nan yake gilmawa, Great Tusk ga masu Scarlet, Iron Treads ga masu Violet, kuma ya haura mataki 40. Nawa ne suka gan shi yana ta da ƙura suka ce ai a kan hanya yake, bari a taɓa? Ku bar shi ya yi ta yawonsa, ranarsa na zuwa.

Jerin Gym ta fuskar ƙarfi shi ne Katy, Brassius na Artazon, Iono, Kofu, Larry na Medali, Ryme ta Montenevera, Tulip, sai Grusha a kan Glaseado da ke wajen 47 zuwa 48. Ka lura da yadda jerin yake jefa ka yamma, ya dawo da kai gabas, ya sake mai da kai yamma. Wanda ya ce zai share gefe ɗaya na taswira kafin ya tsallaka ɗayan, to zai iso gabas da ƙarfin da ya wuce kima, faɗan Brassius ya zama ba daɗi ba armashi, bayan ya sha wuya a yamma a banza. Kuma tasin sama kyauta ne, duk Pokémon Center da ka taɓa isa za ka iya komawa nan take. Saboda haka in ka hango jan rufin nan daga nesa, ka karkata ka je ko ba ka da mara lafiya, don ya shiga taswirarka.

Yanzu bari in yi faɗa, domin wannan ba rashin sani ba ne, taurin kai ne. Akwai masu cewa su Gym kawai suka sani tun zamanin Game Boy, labarin Arven, ɗalibin da kuke farautar Titan tare, da ganyensa na Herba Mystica ba ya gabansu. To ku saurara. Abin hawanku, Koraidon ko Miraidon, a hannun waɗannan Titan ƙarfinsa yake. Klawf, kaguwar dutse mai mataki 16, shi ke ba ka gudu. Bombirdier ya ba ka iyo a ruwa. Orthworm ya ba ka dogon tsalle. Na hamadar Asado ya ba ka shawagi a iska, na tafkin Casseroya, wato Tatsugiri da Dondozo, su ba ka hawan bango. Mutum ya ƙi waɗannan, sannan ya zo yana kuka wai ƙasar ta yi faɗi, wai kogi ya tare shi, wai yana hango kaya a kan tsauni ba hanyar hawa. Yaya za a yi hanya ta samu? Na ga wanda ya kai bajo 5 yana zagaye kowane rafi da ƙafa kamar mai tsoron jiƙa takalmi, alhali Bombirdier da zai warware masa matsalar bai wuce mataki 20 ba, yana can kan tudu yana jefo duwatsu yana jiran mai zuwa.

Al'adata ita ce in riƙa gabatar da Titan kaɗan a kan lokacinsa. Dodo ɗaya ne kake fuskanta, ka san nau'insa tun daga taswira, kuma a zagaye na biyu Arven yana shigowa ya taya ka. Klawf nakan je masa da zarar na fito daga Mesagoza, Bombirdier kafin in ga Iono, Orthworm kafin Kofu. Ba kowa zai yarda da wannan ba, wasu sun fi son su bi lissafin mataki ɗaya bayan ɗaya. Ni na fi son ƙafata ta saku da wuri, domin rabin daɗin gem ɗin yana cikin tsibiran da kogunan da ba a isa sai da iyo da tsalle.

Abu na biyu da ya taɓa ƙona mini rai shi ne dodo mai launin daban, wanda ake kira shiny. Damar haɗuwa da shi 1 ce cikin 4096 idan ba ka yi wata dabara ba. A Pokémon Legends: Arceus, da ya fito a Janairun 2022, in irinsa ya bayyana za ka ji ƙara ka ga walƙiya. A Paldea babu wannan, idonka ne kawai. Wata rana ina ratsa ciyawar kudancin Mesagoza na hangi Lechonk a cikin 'yan uwansa baƙaƙe, shi kuwa ruwan hoda. Hannuna na rawa na jefa dodon da ke gaba, wanda ya fi shi mataki nesa ba kusa ba, na zaɓi harin da nake ganin mai sauƙi ne don in rage masa ƙarfi. Bugu ɗaya ya faɗi. Ban yi sebin ba kafin in shiga, babu wurin komawa. Na daɗe riƙe da na'urar ban danna komai ba.

Tun daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida. Na kashe sebin na kai-tsaye a cikin saiti, ina yi da hannuna. In na ga launin da ban yarda da shi ba, sebin tukuna kafin komai, domin in abin ya ɓaci sai in rufe gem in buɗe in same shi a wurin. In ina shakka ko shiny ne, sai in danna R in tura dodona ya yi faɗan kai-tsaye, domin ba ya yarda ya taɓa shiny, zai tsaya ya ƙi. Sannan kullum akwai mai False Swipe a tawagata, harin da ke barin abokin gaba da ɗigon rai ɗaya komai ƙarfin bugun. Malam Jacq na makarantar Mesagoza yana ba da shi kyauta idan ka yi rajistar dodanni 30 a Pokédex, kundin dodannin da ka kama, amma sai ka koma makarantar ka same shi, abin da yawancinku ba ku yi tun ranar da aka buɗe muku ƙofa. A tuna ba ya kama nau'in fatalwa.

Sauran ƙanana ne, ba sa bukatar dogon bayani. Masu horon da ke tsaye a bakin hanya ba sa tare ka kamar a tsofaffin gem, sai ka je ka yi musu magana, kuma wanda ya riƙa wuce su zai isa Gym da aljihu fayau da tawaga mara ƙwari. In ka kayar da adadin da ake so a yanki, wakilin League da ke tsaye a Pokémon Center zai ba ka kyauta. Faɗan kai-tsaye na R yana da kyau wurin tara kayan haɗa TM, abin da ake koya wa dodo sabon hari da shi, amma ƙwarewar da yake bayarwa ba ta kai ta faɗan gaske ba, kar ka mai da shi hanyar horo kaɗai. Kar ka ji tsoron goge hari, ana dawo da tsohon hari kyauta daga shafin bayanin dodon a ko'ina kake. Pawmo ba ya zama Pawmot don mataki kawai, sai ya taka sawu 1000 a waje yana bin ka. Gimmighoul yana son tsabar zinarensa 999, don haka duk hasumiyar da ka gani ka hau, akwatin na can sama. Ramukan Tera masu walƙiya, inda ake taruwa a yaƙi dodo ɗaya, ana shigarsu ba tare da intanet ba, gem ɗin zai haɗa ka da mataimaka 3, alewar ƙarin mataki da ake samu a ciki kuwa ita ce hanya mafi sauri ta ɗago sabon dodo ya kamo 'yan uwansa.

Game da Tera ɗin shugabannin Gym, wato dabarar sauya wa dodo nau'i a tsakiyar faɗa, kar ka dogara da sunan nau'in da aka rubuta a ƙofa kawai. Dodon ƙarshe na Iono Mismagius ne da ta mayar nau'in lantarki, amma yana shawagi, harin ƙasa da ka tanada don lantarki ba zai taɓa shi ba. Ka zo da wani abin bugu na biyu.

Baƙaƙen turakun nan masu haske da ake gani a kafe a bakin tsauni ko bayan dutse, guda 32 ne, kowane 8 masu launi ɗaya suna buɗe ƙofa ɗaya daga cikin 4. A bayan ƙofofin akwai Wo-Chien, Chien-Pao, Ting-Lu da Chi-Yu, kowanne mataki 60. Ka tumɓuke duk wanda ka ci karo da shi a hanya, amma kar ka ɓata yini kana farautarsu kafin ka samu hawan bango, domin da yawansu suna inda ƙafa ba ta kaiwa. Ko ka buɗe ƙofar da wuri, mataki 60 ya wuce iyakar bajo 7, sai ka ci Gym na 8 kafin ɗayansu ya saurare ka. Ramin Area Zero da ke tsakiyar taswira kuma ba ya buɗuwa sai ka kammala hanyoyin nan 3 duka, har da Team Star da wasu ke rainawa, inda Eri take jira da dodanni masu mataki 55 zuwa 56. Ka isa bakin ramin da tawagar da ta kai 60 ko fiye, da maganin farfaɗo da dodo cike da jaka.