Duba Fili Kafin Ka Sa Farashin Kwangila a Zariya

Kada ka yanka kuɗin aikin gini daga zane kawai. Da zarar ka sa hannu, yawanci duk abin da ido zai iya gani a filin ya zama nauyinka.

Fara da ƙasa. Sa lebura ya haƙa rami biyu ko uku, zurfin mita 1.5. Jar ƙasa mai marmara tana ɗaukar gini. Baƙar laka irin ta fadamun Kubanni da Galma kuwa tana kumbura da damina, ta tsage da rani, katanga ta bi ta. A cikin birni ka tambayi dattawan unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, domin a nan harsashi kan ci ninkin siminti da rodi. Wannan tambaya ta fi komai muhimmanci.

Auna faɗin lungu. In tifa ba za ta shiga ba, sa kuɗin kwasar yashi da baro. Duba alamar ambaliyar Agusta a katangun maƙwabta, ka kuma tambaya ko rijiyoyi na ƙafewa a Afrilu. Nemi ganin takardar fili ta KADGIS (hukumar filaye ta Jihar Kaduna) da izinin gini na KASUPDA (hukumar tsara birane ta jihar), sannan ka ɗauki hotuna masu kwanan wata.