Yadda Ake Haɗa wa Karen Farauta Busasshen Ɗanyen Nama da Abincin Buhu

Da farko, a jiƙa busasshen naman da ruwa mai ɗumi har ya yi laushi. Sannan a rage abincin buhun mai ƙwaya-ƙwaya kafin a gauraya su, domin naman ya fi shi ƙosarwa. A fara da nama kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin kwana 7 zuwa 10 ana lura da kashin karen, idan ya tsinke sai a rage.

Kilishi ba zai maye gurbin busasshen naman ba, saboda albasa da tafarnuwar da ake sawa a yajinsa suna cutar da kare. Idan ya dawo daga farauta, a bari ya huce kafin ya ci. A zafin bazarar Kano jiƙaƙƙen nama ba ya jimawa, don haka a zubar da ragowar, a wanke kwano da hannuwa da sabulu.