Yadda Ake Zaɓar Girman Taya da Wili na Hunturu ga A-kori-kura a Kanada

Duk wanda zama ya kai shi Kanada ko arewacin Amurka, kuma ya mallaki a-kori-kura irin su Ford F-150, Chevrolet Silverado ko Ram 1500, akwai hidimar sauya tayoyi da ke jiransa kafin watan Nuwamba ya yi nisa. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius, robar tayar da aka saba hawa da ita takan sandare, ta rage kama titi tun ma kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba. A lardin Quebec doka ta wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Ontario kuwa kamfanonin inshora suna yi wa mai irin waɗannan tayoyi ragi.

Kafin ka je kanti, ka buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ƙarfen ƙofar, domin a can kamfani ya rubuta girman tayar da motar ta zo da ita da yawan iskar da ake ba ta. A ce ka ga 275/55R20. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tana nufin tsayin gefen taya kashi 55 ne cikin ɗari na wannan faɗi, ta ƙarshe kuma girman wili ce a inci. Idan aka yi lissafin gefe biyu, na sama da na ƙasa, aka haɗa da wilin, tsayin wannan taya gaba ɗaya yakan kai kimanin inci 31.9. Wannan tsayi shi ne abin da za ka riƙe, sauran lambobin girman za su iya canzawa amma shi kada ya canza sosai.

Shawarata ita ce a rage wili, a rage faɗi kaɗan, a ƙara tsayin gefe. Mai 275/55R20 zai iya komawa 265/70R17, wadda tsayinta yake kusan inci 31.6, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Siririyar taya tana tattara nauyin mota a ƙaramin wuri, sai ta keta dusar da taɓon ƙanƙarar da ya narke har ta isa kwalta, alhali mai faɗi takan hau kansu ta yi ta yawo. Dogon gefe kuma yana shanye dukan ramukan da sanyi ke fasawa a titi, waɗanda kan lanƙwasa babban wili mai gajeriyar roba, ga shi kuma tayar inci 17 ta fi ta inci 20 sauƙin kuɗi a mafi yawan lokuta. Sai dai kada a zarce. Masu sana'ar sun saba cewa kada bambancin tsayi ya haura kashi 3 cikin ɗari, kuma 245/70R17 mai inci 30.5 ta tsallake wannan iyaka ga motar da muke misali da ita. Da irin wannan taya agogon gudu zai nuna kilomita 100 alhali motar tana wajen 96, kuma cikin motar zai ƙara kusantar ƙasa a daidai lokacin da ake bukatar ta ɗaga saboda tarin dusa.

Batun nauyi ne aka fi yin sakaci da shi, kuma shi ya fi haɗari. Bayan lambobin girma akwai wata lamba da ke nuna kayan da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 113 tana nufin kilo 1,150, ita kuma 116 kilo 1,250. Ko kusa kada ka sayi tayar da lambarta ta gaza wadda motar ta zo da ita, komai arharta. Idan takardar ƙofa ta nuna taya mai harufan LT a gaba, wato wadda aka ƙera domin ɗaukar kaya da jan tirela, to ita ma ta hunturun LT za ta zama.

Shi ma wili yana da nasa sharuɗɗan. F-150 na zamani yana da ramukan noti shida a da'irar milimita 135, Silverado 1500 kuwa shida ne a da'irar 139.7, saboda haka wilin ɗaya ba ya shiga ɗaya duk da cewa a ido kamarsu ɗaya. Ko inda ramukan suka dace, sai an duba faɗin ramin tsakiya da kuma yadda wilin yake shigewa ciki ko fitowa waje, don kada taya ta riƙa gogar jikin mota idan an murɗa sitiyari zuwa ƙarshe. Babban abin da ke hana saukowa zuwa inci 17 shi ne birki, domin wasu motocin birkinsu na gaba ya yi girman da sai inci 18 ke rufe shi. Ka sa a ɗaura wili guda a gaba a juya shi da hannu a gabanka kafin ka biya kuɗi. Ni na fi son wilin ƙarfe baƙi na hunturu, saboda gishirin da ake watsawa a titi yana cin wilin ado, kuma idan tayoyin suna kan wilinsu na daban, sauyawa sau biyu a shekara ba ya wahalar da robar ko aljihu.

A jikin tayar ka nemi tambarin dutse mai kai uku da hoton ƙwayar dusa a tsakiyarsa, domin harufan M+S, masu nufin taɓo da dusa, su kaɗai ba su isa shaidar cewa taya ta hunturu ba ce. Ka sayi huɗu iri ɗaya ko da motar mai ja da ƙafa huɗu ce, tun da wannan jan yana taimakawa ne wajen tashi, ba ya ƙara komai wajen tsayawa. Ka tambayi kuɗin na'urorin da ke auna iska a cikin wili, don in babu su fitilar gargaɗi za ta zauna a kunne har bazara. Bayan an ɗaura, a sake ɗaure notin idan an yi tafiyar kilomita 80 zuwa 100, sannan a riƙa auna iska da safe kafin a motsa motar, saboda tana raguwa duk lokacin da sanyi ya ƙaru.