Yadda ake tsayawa da wanda hari ya rutsa da shi kafin a shiga gardamar wa ke da laifi

Tun jini bai bushe ba mutane kan rabu bayan an kai hari. Wasu su ɗora wa hukumomi laifin sakaci, wasu su nuna wata ƙabila ko wani addini da yatsa, wasu kuma su ce ana zuzuta barazanar ne don wata manufa. A tsakiyar wannan hayaniya akwai wanda ya ga abin da idonsa, yana zaune gefe, hannunsa na karkarwa, ba wanda ya tambaye shi ko yana buƙatar ruwa. Da shi ya kamata a fara.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar taimakon gaggawa na kwantar da hankali, wanda kowa zai iya bayarwa ko da ba ma'aikacin lafiya ba ne. Ginshiƙansa uku ne: duba, saurara, sannan ka sada mutum da taimakon da ya dace.

Dubawa ta fara ne da wurin kansa, domin maharan kan ajiye bam na biyu saboda masu kawo ɗauki. Idan wuri ya lafa, mai zubar jini ne kan gaba: danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, in ya jiƙe ka ɗora wani a kai. Ka kuma lura da wanda ya yi tsit yana kallon wuri ɗaya. Sau da yawa shi ake tsallakewa a tafi wajen mai kururuwa.

Wajen saurare ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Faɗa masa sunanka, ka zauna ko ka durƙusa yadda ba za ka tsaya masa a ka ba, kada ka taɓa shi sai da yardarsa. Tambaya ɗaya ta isa: "Me kake buƙata yanzu?" Kada ka ce ya ba ka labari daga farko har ƙarshe. An daɗe ana ganin cewa in aka sa mutum ya amayar da komai nan take zai samu sauƙi, amma bincike bai tabbatar da hakan ba, shi ya sa hukumar ta ba da shawarar a daina. In ya fara magana da kansa, bar shi. In ya yi shiru, zauna da shi cikin shirun. Idan numfashinsa na sarƙewa, sa ya dafa tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya ja iska yana ƙirga huɗu, ya sake ta yana ƙirga shida, kai ma kana yi tare da shi, har sau biyar ko shida.

Akwai kalaman da ke fita da sunan lallashi amma suna ƙara miki: "Ai gara kai, wani ya rasa kowa nasa." "Da ba ka je wurin ba." "Na san yadda kake ji." "Daure mana, kai fa namiji ne." Na farko ya raina asararsa, na biyu ya ɗora masa laifi, kuma dama wanda ya tsira yakan kwana yana tuhumar kansa me ya sa shi ya rayu. In ya tambayi ɗan uwansa da ba a gani ba, kada ka yi masa alkawarin ƙarya. Ce masa har yanzu ba labari, ka faɗi wanda za ka tambaya da lokacin da za ka dawo, kuma ka dawo ɗin.

Sadarwa aiki ne na zahiri: waya ya kira iyalinsa, wurin kwana, maganin da yake sha kullum, yaro a haɗa shi da wanda ya saba da shi. Idan an yi fyaɗe, lokaci na da tsada: maganin kariya daga ƙanjamau a fara shi cikin sa'o'i 72, na hana ɗaukar ciki cikin sa'o'i 120. Kada ka miƙa masa ƙwayar barci irin su diyazefam. Ƙa'idojin hukumar na 2013 sun ce kada a ba da irinsu don firgici ko rashin barci a watan farko. Mugun mafarki da razana a makonnin farko ba hauka ba ne, kuma ga yawancin mutane suna raguwa. In suka wuce wata ɗaya suna hana shi harkokinsa, a kai shi wajen ƙwararre. In kuwa ya daina ci, ko yana maganar gara ya mutu, ba a jira. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin.

Sai batun hotuna da bidiyo. Bayan harin gudun famfalaki na birnin Boston a Amurka a 2013, wani bincike ya gano cewa waɗanda suka shafe sa'o'i shida ko fiye a kullum suna bin labarin sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda suke wurin. A birnin Christchurch na ƙasar New Zealand kuwa, inda aka kashe mutum 51 a masallatai biyu a Maris 2019, maharin ya watsa ta'asar kai tsaye, har Facebook ya ce ya cire kwafi miliyan 1.5 a kwana ɗaya. Duk mai tura irin wannan bidiyo, ko da don alhini ne, ya taya maharin isar da saƙonsa, kuma wata uwa na iya ganin gawar ɗanta a waya kafin a sanar da ita.

Gardamar kanta ba laifi ba ce. Dole a tambayi yadda aka yi tsaro ya gaza, da ko matakan da aka ɗauka sun dace da girman barazanar. Ko Majalisar Ɗinkin Duniya, da ta kafa kwamiti kan ta'addanci tun 1996, ba ta cimma ma'anar ta'addanci guda da kowa ya amince da ita ba. Amma a yi ta nesa da kunnen wanda abin ya shafa. A jira alƙaluma su tabbata, don na sa'o'in farko kan canza. A ambaci wanda ya aikata da ƙungiyar da ta ɗauki alhaki, a bar miliyoyin da suke yare ɗaya ko addini ɗaya da shi. Kada a yi gasar gawarwaki, ana cewa namu sun fi naku yawa.

In wanda ya tsira ne ya ɓarke da zagin wata al'umma gaba ɗaya, kada ka tsaya yi masa gyara a ranar, kada kuma ka zuga shi. "Abin da aka yi maka zalunci ne" ya wadatar. Sai fa in ya fara maganar ɗaukar fansa da suna da wuri, to nan ka nemo wanda yake jin maganarsa.

Masu jaje kan watse cikin mako biyu, sannan kaɗaici ya sauka. Rubuta ranar da abin ya faru. Kira shi bayan mako shida, bayan wata uku, da ranar da shekara ta zagayo. Maimakon "in kana buƙatar wani abu ka faɗa", ce masa gobe da ƙarfe goma za ka zo ka raka shi a duba raunin.