Yadda Ake Zaɓen Yadin Shet Mai Shan Iska, Daga Kwari Zuwa Teburin Tela

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran Adaidaita Sahu a Kano cikin watan Afrilu, rana ta take, zafi ya haura digiri 40, ya san ba kowace riga ake sawa ba. Yayin da samari ke yi yanzu shi ne shet mai gajeren hannu, mai ɗan faɗi, kwala a kwance, wani lokacin har da wando na yadi ɗaya. Yayin ya dace da garinmu. Inda gizo ke saƙar shi ne yadin: da yawa daga na kanti da na gwanjon Ƙofar Wambai roba ce, wato foliyesta, wadda ba ta shan gumi, sai dai ta tara maka shi a gadon baya. Gara ka yanki yadinka da kanka ka kai wa tela. Ga yadda za ka yi.

Kafin ka shiga Kantin Kwari, ka san abin da ka fito nema, don in ka shiga da "ko me na gani", mai shago ne zai zaɓa maka. Auduga zalla mara kauri ita ce uwa ma ba da mama, ba ta da rigima. Lilin ya fi ta shan iska da saurin bushewa. Daga karan wani tsiro ake samun zarensa, mafi kyawunsa kuma a arewacin Faransa da Beljiyam da Holan ake noma shi, shi ya sa na gaskiya ba ya araha. Aibinsa ɗaya, yamutsewa: ka zauna sau ɗaya, ka tashi kamar an kwana a kanka. Ni dai ina ganin wannan yamutsin ma ado ne, amma in kai mai son karin guga ne, nemi wanda aka gauraya da auduga. Akwai kuma biskos, wanda ake sarrafawa daga itace. Yana da sanyi da santsi, yana zubowa a jiki, sai dai ba shi da ƙarfi idan ya jiƙe. Yadin da ake tallatawa da sunan na gora, wato bambu, mafi yawansa biskos ɗin ne aka sake wa suna, kada a tsuga maka kuɗi a kansa.

Kada ka raina na gida. Atamfa mai ƙaramin zane tana yin shet mai kyau, haka farin yadin auduga da aka tsoma a karofin Ƙofar Mata, inda har yau da baba da toka ake rini. Saƙi kuwa ya yi nauyi a bazara, sai dai a ɗora shi a bakin aljihu ko kwala.

Mataki na biyu a cikin shago yake, kuma hannunka ne alƙali, ba bakin mai shago ba. A kasuwa kusan duk yadi mai ɗan kaushi "lilin" ake ce masa. Damƙi gefen yadin ka matse a tafinka, ka ƙirga goma, ka saki. Lilin da auduga za su riƙe yamutsi, roba kuwa za ta miƙe sumul kamar ba a taɓa ta ba. Ɗaga shi ka duba ta haske: in saƙar na barin haske ya ɗan ratso, iska ma za ta ratso. Ɗiga masa ruwa kaɗan. Wanda ya shanye nan take zai sha gumi, wanda ruwan ya tsaya a kansa yana gangarawa, ka yi hattara, ko da yake sitatin kamfani ma kan hana sabon yadi shan ruwa.

Saboda wannan shakkar ne gwajin wuta ya fi duka. Ce wa mai shago, "Alhaji, a taimaka a ɗan yanko min ƙyalle." Fita waje, nesa da tulin kaya, don wuta da kasuwar yadi ba sa ga maciji. Kyasta ashana ka kai bakin ƙyallen. Auduga da lilin da biskos suna ci kamar takarda, ƙaurinsu na takarda, tokar kuma ta murje a yatsa. Roba tana noƙewa daga wutar, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi mai warin leda, ta bar dunƙule mai tauri. In ka ga toka a haɗe da ɗan dunƙule, gauraye ne. Gauraye ba laifi ba ne, muddin kuɗin gauraye ka biya.

Sai batun yawa. Tambayi faɗin yadin tukuna. Mai faɗin inci 58 zuwa 60, yadi ɗaya da rabi ya ishi matsakaicin mutum shet mai gajeren hannu. Mai faɗin inci 45, irin atamfa, sai yadi 2, ka ƙara rabi in kana da jiki ko kana son zanen ya haɗu a gaba. Turmin atamfa yadi 6 ne, don haka ku uku za ku iya haɗa kuɗi ku raba.

Da ka dawo gida, kada ka zarce wurin tela. Jiƙa yadin a ruwa, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka goge. Auduga da lilin da biskos duk suna tsukewa a wankin farko, gara su gama tsukewarsu kafin almakashi ya taɓa su. Na taɓa tsallake wannan matakin saboda ɗokin Sallah, bayan wanki ɗaya rigar ta koma ta ƙanena. Mai rinin baba kuma shi kaɗai za ka wanke a ruwan sanyi, sau biyu ko uku, domin yana zuba, kuma duk farin kayan da ya haɗa bokiti da shi ya zama shuɗi.

A wurin tela, mafi sauƙi ka tafi da tsohuwar shet ɗin da ta fi yi maka daɗi, ka ce, "Malam, irin wannan, amma a sake ta." A ƙara inci 4 zuwa 6 a kan awon ƙirji, don yadi komai kyansa in ya manne a jiki ba ya shan iska. A yanke ƙasan a miƙe da 'yar tsaga a kowane gefe, tunda ba tusa ta za ka yi a wando ba. Gam ɗin da ake liƙawa cikin kwala a sa mara kauri, in ba haka ba kwalar za ta tsaya ƙiƙam kamar ta ɗan makaranta. Lilin yana zarewa, saboda haka a kalmasa bakin ɗinkin ta ciki, ka kuma juya rigar ka duba kafin ka biya cikon kuɗi.

Wajen wanki, ka ja kunnen mai wanki da guga ya ajiye sitati, wannan ba shadda ba ce. Lilin da ɗan danshinsa ake goge shi, da dutse mai zafi. Biskos kuwa kada a murɗe shi, a matse a hankali, a goge ta bai da wuta kaɗan.