Idan makaɗin jama'a ya rasu: yadda ake makokinsa da yadda ake tsare abin da ya bari

Makaɗin da ya shekara da shekaru yana faɗa wa masu mulki gaskiya, yana jan kunnen talaka a kan noma da karatun ɗiya, in ya kwanta dama ba gidansa kaɗai aka yi wa mutuwa ba. Sai dai abin da aka saba gani a Zamfara da Kabi shi ne, a cika ƙofar gida kwana uku, rediyo ta yi mako tana sa waƙoƙinsa, bayan 'yan shekaru a nemi kaset ɗaya mai kyau a rasa. Ƙasar da ta fitar da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi, da Sani Sabulu na Kanoma, da gidan Ɗandawo na Yawuri, bai kamata ta ci gaba da yin wannan asara ba.

Kwanakin zaman makoki

Kwana ukun farko na mamaci ne da iyalinsa. A rataye kayan kiɗa, kada a sa waƙarsa a wurin zaman, ko da a waya ne. Maƙwabta su ɗauke wa gidan girki. Matansa na takaba wata huɗu da kwana goma, don haka kada a tura musu 'yan jarida. Babban ɗa ko ƙanen mamacin ya yi magana da yawun gida. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in kuwa malamai sun saɓa a kansu, sai a bi abin da gidan ke bi, ba wurin gardama ba ne.

Aiki guda ne ba ya jiran a tashi daga makoki. A zaunar da wani yaro mai natsuwa gefen tabarma da littafi. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ce yana da kaset ko hoto ko bidiyon wani biki, a rubuta sunansa da garinsa da lambarsa da abin da ke hannunsa. Tsofaffin direbobi, da dogarai, da masu sayar da kaset a da, ba za su sake taruwa wuri ɗaya kamar ranar ba. A wannan littafin kuma a rubuta bashin da ake bin mamacin da wanda yake bi, har da kason 'yan amshi da bai kai ga ba su ba, tun da biyan bashi yana gaban rabon gado.

Ceto kaset

Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima, ga shi yawancinsu sun haura shekara 30 a cikin akwati ƙarƙashin rufin kwano. A fara da tantancewa. Wanda aka ga farin kumfa a gefen zarensa, damina ta taɓa shi: a ware shi, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a sa shi a rikoda don zai shafa wa sauran. Kowane kaset a ɓalle 'yan harsunan nan biyu na samansa kafin komai, don ko hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli ba za a goge waƙar ba. A duba ɗan soson da ke bayan zare a tsakiyar bakin kaset. In ya faɗi, murya za ta fito a dushe. Maganinsa a kwance kusoshin, a mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya. Zaren da ya tsinke kada a haɗa shi da jan farce ko salatif na ofis kamar yadda aka saba, danƙon yana narkewa ya liƙe zagayen da ke kusa. Akwai siririn tef da aka yi musamman don wannan, shi za a nema, a liƙa ta bayan zare.

Ita ma rikodar sai an gyara ta. A goge ɗan ƙarfen da ke karanta zare da 'yar tayar robar da ke jan zare da auduga da sifirit, a bari su bushe, a kuma maimaita bayan kowane kaset biyu ko uku. In murya na rawa, bel ya saki, a sauya. Batir mai rauni yana rage gudu, sai muryar makaɗi ta yi ƙasa, kalangu ya yi nauyi, wanda bai san shi ba ya ɗauka haka yake. A gwada rikodar da kaset marar amfani tukuna, sannan a juya na gasken gaba da baya har ƙarshe sau ɗaya don zaren ya saki jiki.

Kada a kara waya a bakin sifika. A haɗa rikoda da kwamfuta da kebul, ta hanyar ƙaramar na'urar sauti ta USB, domin ramin makirfon kwamfuta yana fasa sauti. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A daidaita ƙarfi yadda wurin da kiɗa ya fi tashi ba zai wuce -6 a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar ba. In ana jin gurnani a ƙasan sauti, galibi janareto ne: a cire cajar kwamfuta a yi aiki da batirinta. A ɗauki kowane gefe ɗungurungum, har da surutun 'yan kallo da kirarin sanƙira, don sau da yawa a nan ake gane gari da shekara.

A adana a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a saita ingancinsa a manhajar aƙalla 44,100 Hz da bit 16. Minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, wato kaset mai minti 90 ya kusa gigabait ɗaya. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa shi. Daga gare shi ake fitar da MP3 na rabawa, a can ne za a rage shuu in ana so. A yi kwafi uku: ɗaya a gidan mamacin, ɗaya a intanet, ɗaya a wani gari dabam, kamar sashen Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ga wanda ya san ƙauyukan da aka ƙona ko aka tasa a Zurmi da Maradun da Maru, wannan ba ya bukatar dogon bayani. Kaset ɗin kuma a mayar wa mai shi, a ajiye shi a tsaye cikin murfinsa, nesa da sifika saboda maganaɗisu.

'Yan amshi

Su ne rumbun da ya fi kaset saurin lalacewa. Su suka san wa aka yi wa wace waƙa, da me ya jawo ta, da wanda habaicin ke nufi. A zauna da su biyu ko uku tare, a sa waƙa, a tsayar bayan kowane ɗa, wato baitin waƙa, a rubuta, a karanta musu su gyara. A ware gindin waƙa, wato amshin da ake maimaitawa, da abin da jagora ya faɗa, da ƙarin da 'yan amshi suka yi. Mai rubutu ya zama ɗan yankin, ya kuma rubuta yadda ya ji: in makaɗi ya ce "yaz zaka" ko "munka" ko "wanga", haka za a bari. Mayar da su daidaitacciyar Hausa yana karya karin waƙar, wani lokaci ya juya ma'ana. A ɗauki hirar kanta a waya, kuma a sallame su da abin kirki, ba kuɗin mota kawai ba. Yawancinsu abincinsu ya tsaya ranar da jagoransu ya faɗi.

Zambo yana bukatar hankali. A adana waƙar cikakkiya, amma in wanda aka zambata ko ɗiyansa suna raye, a shawarci iyali da fada kafin a saka a Facebook.

Kayan kiɗa, kotso ne ko taushi ko kalangu, in akwai halifa a gidan shi ya fi cancanta, da yardar magada. In babu, a sassauta tsirkiya, a rataye su nesa da ƙasa da bango saboda gara da ɓera, ko a miƙa wa gidan tarihi irin na Kanta da ke Argungu, da takardar shaida.

Haƙƙi da taron tunawa

A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan shekarar rasuwar mai ita, kuma haƙƙin na magada ne. A buɗe tashar YouTube da sunan gidan, mutum biyu su riƙe mabuɗin sirri, a rubuta kason 'yan amshi a gaban hakimi tun kuɗi bai fara shigowa ba.

Taron tunawa ya fi kyau bayan an fita takaba, an kuma gama kaka. A yi shi da rana, a sanar da fada da 'yan sanda da Hisba. A buɗe da addu'a, jawabai kada su wuce uku, sauran lokacin a saurari muryarsa, 'yan amshi su yi bayani. 'Yan siyasa za su zo, a karɓe su, amma kada a bar musu makirfo. Duk alkawarin da aka yi a rubuta nan take, kuɗin ya shiga asusun da sai mutum biyu sun sa hannu.

Sannan a ɗauki abu ɗaya cikin waɗanda ya yi wa gwagwarmaya. In ya yi waƙa kan gubar dalma, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, a ba ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo kwafi mai kyau su riƙa amfani da shi. In karatun mata ne ya dame shi, a riƙa biya wa 'yan mata biyu ko uku na garinsu kuɗin jarrabawar NECO duk shekara da sunansa, shugaban makaranta ya zaɓo su, a kuma karanta lissafin a taron shekara mai zuwa.